Doña Zeneida Ta Je Hannu Rabbana

A garin Santa María de Dota, duk wanda ya yi firamare cikin shekaru talatin da ɗaya da Doña Zeneida Ureña ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci ya ci shinkafa da waken hannunta, kuma ko ya sani ko bai sani ba, an yi gwaji a kansa. Haka Allah ya yi ta. Ba ta iya jin magana ta bar ta yadda aka faɗa. Sai ta taɓa, ta juya, ta leƙa cikinta. Masu cewa bin ƙwaƙƙwafi gare ta ba su yi mata adalci ba, don ba ruwanta da wa ya rabu da wa, ko wa ya sayi sabuwar mota. Abin da ke hana ta sukuni shi ne irin su me ya sa kaza ke rufe ido daga ƙasa zuwa sama, ko ta yaya tururuwa ke samun labarin sukarin da aka ɓoye a saman kabad.

Tana 'yar shekara takwas uwarta ta ja mata kunne cewa duk wanda ya shiga ruwa ranar Juma'ar Ista kifi zai zama. Sai ta saci jiki ta gangara rafin da ke bayan gonar gahawa, ta tsoma ƙafar hagu kaɗai, don in maganar gaskiya ce ta tsira da ta dama. Kwana uku tana duba ƙafar ko ɓawo zai fito. Ba abin da ya fito, illa dukan da ta sha da ta kasa riƙe sakamakon a cikinta ta je ta fesa wa uwar.

Aure ma bai raba ta da halin ba. Mijinta Ovidio, Allah ya ji ƙansa, cokali uku na sukari yake zuba wa gahawa. Likita ya hana shi, ya ce gara a binne shi. Ba ta yi musu da shi ba. Ta riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, 'yan ƙwayoyi kullum, har wata goma sha ɗaya, har ya zama babu ko ɗigo. Shekara shida yana sha yana yabon hannunta. Ranar da ta gaya masa ya yi kwana biyu bai ce mata uffan ba, a na uku ya ce ai dama ya sani. Ƙarya yake yi, kowa ma ya san haka. A makaranta kuwa ita ce ta gano yara na cinye kabewa tas in an yanka ta dogo-dogo, su bar ta a kwano in an yanka ta gutsi-gutsi, alhali tukunya ɗaya ce, gishiri ɗaya.

Ba ta ga teku ba sai da ta kai arba'in da tara, shekarar da ɗanta Mainor ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Mu mutanen kan dutse hutunmu guda ne: in an gama tsinkar gahawa aka shiga makon Ista, kowa ya loda iyalinsa ya gangara, awa uku kan hanyar nan mai sa yara amai, zuwa gandun dajin gwamnati, inda itatuwa ke saukowa har bakin ruwa. Tun asuba Doña Zeneida ta soya shinkafa da wake ta ƙunshe a ganyen ayaba, ta dafa ƙwai ashirin, ta gasa tortilla, wato wainar masara, ta cika flas biyu da gahawa. Da an isa kowa zai tuɓe ya ruga ruwa, ita kuma a nuna mata gindin bishiya.

Wannan abu ni dai yana ba ni haushi, kuma duk wanda ya je ya gan shi. Ƙarƙashin kowace inuwa akwai tsohuwa guda zaune kan kula, takalman mutane zube a gabanta kamar mai sayar da su. "Mami, ga waya." "Tita, riƙe min agogo," in ji jika. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko tana son ta jiƙa ƙafa. An dai yanke cewa tsohuwa ba ta son rana, kuma kaya na bukatar mai tsaro, sai aka haɗa biyun aka huta.

Tsaron kuwa ba na ɓarayin mutane ba ne. Na birrai ne, ƙananan nan baƙaƙe masu farar fuska. Shekarar farko suka yi mata kaca-kaca. Wani ɗan ƙarami ya faɗo a gabanta yana kukan tausayi, tana cewa "Allah sarki" tana miƙa wuya, ashe manyan na bayanta sun zuge jaka. Da iyalin suka fito da yunwa, ganyen ayaba kawai suka tarar. Mainor ya yi ta faɗa, amma ita hankalinta ba ya wurin. Abin da ke cin ta shi ne wa ya koya musu zuge zif, kuma wa ya raba musu aiki.

Shekara ta biyu kallo ta je yi. A ta uku ta gane bakin zaren. Ƙaton namijin da ke girgiza reshe yana yaƙe haƙora hayaniya ce kawai. Mai faɗa-a-ji wata birinya ce mai yagaggen kunnen hagu, wadda ke fara saukowa ta zauna ta ƙare wa mutane kallo. Inda ta zauna nan za a afka, inda ta wuce a wuce. Saboda haka Doña Zeneida ta ɗauki dafaffen ƙwai guda ta sa a mararrabar reshe, ta koma ta zauna kamar ba ita ba. Birinyar ta sauko ta ɗauka, ta buga shi a jikin itace, ta ɓare shi tsaf, ta fara da gwaiduwa. Da ta gama ta kaɗa jama'arta suka yi gaba. Daga ranar ko tsinke ba a sake ɗaukar wa gidan Ureña ba. Mutanen inuwa ta gaba su suka riƙa shan wahalar wannan sulhu.

Ta raɗa mata suna Tencha, sunan ƙanwar mijinta, wadda ita ma sai ta leƙa tukunya kafin ta gaishe ka. Kuma ta yi ta gwaje-gwajenta. Ta ba ta mai gishiri da marar gishiri, Tencha ta zaɓi marar. Wata shekarar ta sa hular Ovidio da tabarau, Tencha ta gane ta. Wata shekarar ta sauya bishiya ta koma can ƙarshen yashi, kafin sha ɗaya sai ga ta a kanta. A hankali aka daina sa ƙwai a reshe, ya zama daga hannu zuwa hannu, 'yan yatsun nan masu sanyi suna taɓa tafinta. Shekarar da Ovidio ya rasu ta gaya mata da baki, ƙasa-ƙasa yadda maƙwabta ba za su ji ba: "Tencha, mai hular nan ya tafi." Birinyar ta tsaya da tauna ta zuba mata ido. Wannan kallo ya riƙe Doña Zeneida shekara guda cur, ya yi mata abin da ta'aziyyar mutane da yawa ba ta yi ba.

Gwaji ɗaya ne ba ta taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara: ta je babu ƙwai. Ta san da shi sarai, ta kuma san dalilin da ya sa take kauce masa. Tsoro take ji.

Bana, ana saura mako guda tafiya, Mainor ya kira ta.

"Mami, kin ji sabuwar doka? Yanzu ba a shiga gandun da abinci. Ko biskit. A ƙofa ake zazzage jaka."

"To me za ku ci, yashi?"

"Akwai wuraren cin abinci a waje, in mun fito. Kin ga kin huta ke nan. Ba tashin asuba, ba ɗaukar kula." Ta ji matarsa Yorleny tana raɗa masa wani abu. "Kuma in kin ga gwiwar nan ba za ta bari ba, awa uku ne fa a mota. Ba dole ba ne, Mami."

"Gwiwar da ta shekara goma sha tara tana jan kula, bana da babu kula ne za ta gaza?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ku biyo ta nan ƙarfe biyar."

Na san Mainor tun yana yawo ba wando. Ba mugun ɗa ba ne, bakinsa ne ke riga kansa, kuma mai yiwuwa gwiwar ce da gaske ta dame shi. Amma uwar ba haka ta ji ba. Ta ajiye waya ta tsaya tana kallon kular da ta riga ta sauko da ita ta wanke. Ashe duk shekarun nan kular ake ɗauka, ita tana biye? Tambayar ta tsaya mata a rai, kuma ba irin wadda ake gwadawa da cokali da sukari ba ce. Ranar tafiya ba ta soya komai ba. Ƙwai guda ta dafa, ta naɗe shi a hankici, ta cusa a ƙirjin rigarta, inda ta tabbata ba malamin dajin da zai kai hannu.

A ƙofa aka zazzage jakunkuna aka samu tawul da man shafawa, aka ce su wuce. Sai Keilyn, autar Mainor, 'yar shekara tara, ta hango allo a jikin wata rumfa tana kiran uwarta. An buɗe shirin ƙananan malaman daji: a ba yaro ɗan littafi ya cika shafukansa da abin da ya gani, babba ya sa masa hannu, in an busa usur ƙarfe sha biyu a taru a liƙa wa kowa bajo. Yayyenta biyu suka ce wannan aikin jarirai ne suka yi ruwa. Yorleny ta ce rana na yi, ta juya ga surukarta. "Tita, zauna da ita mana, tunda ba ki da abin yi." Haka Doña Zeneida ta samu kanta a bencin ƙarshe, bayan yara goma sha huɗu, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

Malamin dajin wani saurayi ne mai suna Geiner, rana ta gasa masa ƙeya. Ya nuna musu sawun dabbobi a faranti na yumɓu, da ƙaguwar nan mai shiga gidan dodon-koɗi ta yi ta yawo da shi a baya. Doña Zeneida ta manta da kanta. Ta ɗaga hannu sau uku kafin kowane yaro ya ɗaga sau ɗaya. In gidan ya yi wa ƙaguwar kaɗan fa? Tana auna sabon kafin ta fita daga tsohon, ko fita take yi tsirara ta nema? Geiner ya amsa biyu, ya ce ta ukun sai ya bincika. Sannan ya sa yaran suka miƙe suka ɗaga hannun dama, suka rantse ba za su ɗauki ko ƙwaryar dodon-koɗi ba, ba za su bar shara ba, ba za su ba dabba abinci ba, kuma ba za su ga ana bayarwa su yi shiru ba. Ya ce abincinmu na ruɓar wa birrai haƙori, murarmu na kama su, kuma birin da ya saba da hannun mutum, ranar da bai samu ba cizo yake yi.

Da yara suka watse ta matso kusa da shi.

"Ɗan nan, a ce misali ƙwai ɗaya ne. A shekara. Kuma ga biri ɗaya tak, wadda ta san mutum."

"Mai yagaggen kunne?" Ya yi dariya har da riƙe hula. "Doña, ke ce ta huɗu a makon nan. Jiya wata daga garin Cartago har kuka ta yi min, wai sunan birinyar Princesa, ayaba take kawo mata tun 'yarta na goye. Akwai wani tsoho da ke kiran ta amaryarsa. Tsohuwar birinyar nan ta fi ni yawan kakanni."

"Wannan su ne. Ni ta gane ni har cikin hula da tabarau."

"Jaka ta gane, Doña. Jaka suka sani, ba mutum ba."

Maganar ta shige ta. Wata daga Cartago! Kishi ne ya kama ta, ba wani abu ba, tsofai-tsofai da ita, a kan biri. Suka kama 'yar hanyar da ke ratsa daji zuwa bakin ruwa, Keilyn a gaba da littafi da fensir. Da suka yi nisa da mutane yarinyar ta juyo ta tare hanya.

"Tita, fito da shi."

"Da me?"

"Ƙwan. Tun a mota kike dafe ƙirji kamar mai ciwon zuciya. Kuma ina jin warinsa."

"Ji min 'yar nema! Ko awa ɗaya ba ki yi da zama hukuma ba, har kin fara kama kakarki?"

"Na yi rantsuwa."

"Ke kika yi, ba ni ba."

"Har da kar in ga ana bayarwa in yi shiru."

"To rufe ido. Ko ki je ki ƙirga ƙaguwa can."

"In na rufe ido ma na sani. Sai dai in fasa bajon." Ba ta matsa daga hanyar ba. Duk cikin jikokin ita kaɗai ta ɗauko taurin kan nan, kuma Doña Zeneida ta san inda ta samo shi.

"Keilyn, shekara goma sha bakwai ban taɓa saɓa mata ba. In ta zo ta tarar babu, me zan ce mata?"

"Ai ba ke kike cewa kar a yarda da magana sai an gwada ba? Shi ya ce jaka ta sani, ke kin ce ke ta sani. Kin taɓa gwadawa?"

Doña Zeneida ta ƙura wa jikarta ido. Da Mainor ne ya faɗi haka da ta san abin da za ta mayar masa. Amma da makaminta aka sare ta, kuma yarinyar ba gatse take yi ba, so take ta sani da gaske. Ga shi nan a idonta. Tsoron da tsohuwar ke ji yana nan, sai dai yanzu wancan tsohon ƙaiƙayin ya taso ya fi shi ƙarfi. Ta sa hannu ta zaro hankicin.

"Ungo. Cinye shi nan ina gani."

"Babu gishiri?"

"Hukuma ba ta zaɓen abinci."

Keilyn ta ɓare ta tura shi baki biyu, gwaiduwar ta shaƙe ta har da hawaye, kakar na bubbuga mata baya tana cewa alhaki ne. Sannan aka aike ta da gudu ta kai ɓawon da hankicin kwandon shara na ƙofa, domin in za a yi gwaji a yi shi da gaskiya. Da suka isa bakin ruwa Doña Zeneida ta tattare siket ta durƙusa, ta goge hannuwa da yashi har gwiwar hannu, ta ɗauraye da ruwan gishiri, ta jiƙa ƙirjin rigar ma ta murje. Keilyn ta shinshina ta sama da ƙasa ta ce babu sauran wari.

Suka zauna gindin bishiyar da aka saba. Babu kula, don haka a kan saiwa ta zauna, ba komai a gabanta sai silifas da tawul. Can cikin ruwa Mainor da 'ya'yansa maza na ta tsalle suna ihu. Keilyn ta buɗe shafin ƙarshe, inda aka ce ka zaɓi dabba guda ka kalle ta shiru ka rubuta abin da ta yi, ban da abin da kake zato. Doña Zeneida ta sa aka maimaita mata wannan jimlar, ta ce wanda ya rubuta ta ya san aikinsa.

Wajen sha ɗaya da rabi rassa suka fara motsi. Ƙananan suka fara bayyana, sai ƙaton yana girgiza reshensa na banza. Can sai ga ta. Ta tsufa, gashin kafaɗarta ya yi shara-shara, tana saukowa tana hutawa. Ta zauna a reshen ƙasa ta bi inuwoyin da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya zo kan Doña Zeneida ya tsaya.

"Ta gan ki," in ji Keilyn cikin raɗa.

"Yi shiru ki rubuta."

Tencha ta diro ƙasa ta tako kai tsaye, ba ta ko kalli sauran mutane ba. Tsohuwar ta gyara zama. Ta ɗora hannuwa biyu a cinya, a dunƙule, ta fara ƙirga numfashinta, tunda ba ta da agogo kuma gwaji na bukatar awo. Ɗaya. Birinyar ta hau saiwar ta kama hannun dama, ta riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, har ta ga tafin fayau. Huɗu. Ta buɗe na hagu. Ta juya shi ta duba bayansa. Bakwai. Ta zura hannu a aljihun siket har kafaɗa, ta fito da takardar mota ta shekarar bara ta yar. Ta leƙa bayan saiwa, inda kular ke zama.

"Ni ce, Tencha," in ji Doña Zeneida. "Bana babu. Ni ce kawai."

Birinyar ta ɗago ta dube ta, irin kallon nan dai, sak irin na shekarar rasuwar Ovidio. Sai yanzu, da babu ƙwai a tsakaninsu, Doña Zeneida ta ga inda kallon ke sauka. Bakinta take kallo, ko akwai abin da take taunawa. Goma sha ɗaya. Tencha ta juya ta yi gaba, wutsiya a naɗe, ta nufi wani Bature da ke barci da jaka a ƙarƙashin kai. Ba ta waiwayo ba.

Keilyn ta riƙe fensir ta kasa rubutu.

"Wataƙila ba ta da lafiya ne, Tita. Ko kuma ta ji haushi ne, gobe za ta…"

"Me aka ce a shafin? Ban da abin da kake zato. Rubuta: ta zo wurin kakata kai tsaye. Ta buɗe hannu biyu da aljihu ɗaya. Ta yi numfashi goma sha ɗaya. Ta tafi." Ta nuna shafin da yatsa. "Ki ƙara da cewa ta san mutum. Ɗan nan bai faɗi daidai ba, ba jaka kaɗai ta sani ba. Ta san ni sarai. Ta san ni a mai ƙwai."

Abin ya yi mata ciwo, ciwo na gaske, har ta ji kunyar yadda ya yi mata. Ba ta ga laifin Tencha ba. Dabba ce da ciki a gaba, ba ta taɓa yi mata alkawarin komai ba. Ita ce ta zauna shekara da shekaru tana karanta abin da babu a fuskar biri. Ta dubi ruwa. Mainor ya ɗago mata hannu daga nesa yana nuna silifas, alamar ta sa ido. Ta ɗaga masa nata.

"Saura sa hannu," in ji Keilyn a hankali, ta miƙo littafin.

Doña Zeneida ta karɓi fensir ta rubuta sunanta cikakke, harafi-harafi, yadda ta riƙa yi a takardar karɓar buhunan shinkafa na makaranta. Ta mayar mata.

"Shi ke nan ko? Kin samu abin da kika zo nema. Tashi ki je ki yi wanka kafin a busa."

Keilyn ta rufe littafin ta sa a ƙarƙashin cinya. Ba ta tashi ba. Yayyenta na ƙwala mata kira daga ruwa, suna cewa sun ga kifi mai shuɗin baya. Ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta gyara zama ta jingina da kafaɗar kakar, ta kama hannun nan da birinyar ta bari a buɗe, ta shiga kakkaɓe yashin da ya maƙale tsakanin yatsun.

Doña Zeneida ba ta yi niyya ba, amma ta samu kanta tana ƙirgawa. Ɗaya, biyu. Da ta zo tara ta riƙe numfashi kaɗan, kamar mai tsallake rami. Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Yarinyar na nan. Ashirin. Arba'in.

"Ba ni da komai fa," in ji Doña Zeneida. "Ko alawa."

"Na sani mana, Tita. Ai ni na cinye."

"To me kike jira?"

"Ba komai. Zama nake yi. Ko an hana?" Ta ɗago ta dube ta. "Me kike ƙirgawa? Ga bakinki nan yana motsi."

"Bakina ne, sa min ido."

Tana ɗari uku da ashirin aka busa usur daga rumfa. Yara suka fito daga ko'ina suna gudu da littattafai a hannu, yashi na tashi. Keilyn ta ji sarai, har ƙafarta ta motsa. Sai ta ƙara lafewa a jikin kakar.

"Ga shi can ana kiran ku," in ji Doña Zeneida. "Za a raba bajon babu ke."

"Bari ya sake busawa," in ji yarinyar.